Goron Burtali

Shanun sun riga ni isa wurin. Sa'adda nik kashe mashin, na gaba sun kai hancinsu ga wayar da munka kewaye allunan sola da ita, na baya kau suna ta turowa don ba su san an toshe hanya ba. Hantsi bai ko yi ba. Ga gonar gero dama, ba a gama kwashe dammuna ba. Ga dawa hagu, tsaye, ba a sa mata lauje ba. Tsakiya ga mu. Cikin waya akwai 'yan sa-kai biyu masu gadi, guda ya riga ya sauke bindigarshi daga kahwaɗa. Ni ban san wa nike roƙo ba, shanu ko mutane, hannuwana dai suna sama.

"Kawu, don Allah mai da ta," nic ce ma mai bindigar, don ƙanen innata ne. "Dabbobi ne, ba su iya karanta allo ba."

"To masu su hwa? Su ma dabbobin na?"

Sai ga Ardo ya ratso tsakanin ƙahoni, sanda bisa wuya, malhwa ta ruhe mai rabin huska. Tsoho ne siriri, shi ke shugabantar makiyayan da ke sauka bayan garinmu duk kaka. Bai dubi bindiga ba. Yad dubi waya, yad dubi turakun siminti, yad dubi ɗakin batura da tankin ruwa, kana yad dube ni. Yag gaishe ni. Ina kwana, ina gajiya, ina Innarka, ina ƙannenka, yaya ankai da damana. Ya bi su ɗai ɗai bai tsallake ko guda ba, ni kau ina amsawa. Da zagina yay yi da ya hi mani sauƙi.

Da yag gama sai yac ce, "Wagga hanya kakana ya bi ta da shanu. Yaushe tat tashi ba mu ji ba?"

Yaj juya yay yi ma yaranshi magana da Hillanci, sunka shiga juya garke. Wanda bai taɓa ganin an juya shanu cikin burtali ba bai san wahala ba. Burtali hanyar shanu ce da anka bari tsakanin gonaki, hwaɗinta iyakar garke shi wuce gaba ne, ba a yi ta don komawa baya ba. Wasu sunka hwaɗa cikin dawa, mai gonar yat taho a guje yana kiran sunan Allah da na uwayen mutane. Ardo yac ce mani in gaya ma Maigari yana nan tahe bayan azahar.

Ni nis sa anka toshe hanyar nan. Ba ni kaɗai ba, amma hannuna ne bisa takarda.

Aji biyu na sakandare nib bar boko. Ba kora ta anka yi ba, zaman ne ban iyawa. Na yi kabu-kabu tsakanin Sabon Birni da Isa, na sai da mai cikin kwalabe, na tahi ginar zinari nid dawo da tari, na buɗe cajin waya da ƙaramin janareto har yac ci kanshi. Inna takan ce da anka raba gindin zama ina bayan gida. Duk abin da nit taɓa, wata uku ya ishe ni.

Maganar sola ce kaɗai ta riƙe ni. Wani kamhwani ne yaz zaka ta hannun ƙaramar hukuma, za a sa ma garinmu alluna da za su ja ruwan burtsatse, su juya injin niƙa, su ba asibitin sha-ka-tahi da kasuwa wuta. Amma sun ce ba su aje ko ƙusa sai mutanen wurin sun zauna sun rubuta ƙa'idarsu da kansu: inda za a kahwa, wa za ya sha ruwa yaushe, wa za ya yi gadi, wa za ya goge alluna. Kuma kowane ɓangare sai ya yarda. Anka kahwa kwamiti. Maigari na ciki, da Ardo, da wani malamin makaranta mai ritaya da anka ba sakatare, da wata dattijuwa mai tuyar ƙuli da ke magana da bakin mata, duk gari Gwaggo muke ce mata. Ni anka sa wakilin samari, ba don hankalina ba, don ina da mashin kuma ina jin Hillanci.

Hillancin ga abokina nik koya, ɗan ƙanen Ardo. Tun muna ƙanana in an yi girbi suna sauka gonar babana, shanunsu su ci kara su bar taki, mu kau mu yini harbin kurciya. Shi yana ce mani Kaɗo, sunan da suke kiran Bahaushe, in da yawa su ce Haɓe, ni ina ce mai Baƙauye. Da daji yaɓ ɓaci shekarun nan, abin duk ya ja baya. Bahillace in ya shigo kasuwa ana bin shi da ido, mu ma in mun hango malhwa daga nesa sai mu rage wuta. Mutanen Ardo ba su taɓa ɗaukar ma kowa ko kaza ba, su ma an kore masu shanu hiye da sau ɗaya, amma wa ke tsayawa tantancewa. An yi shekaru Maigari da Ardo ba su zauna tabarma guda ba, sai da sola taz zaka.

Duk Laraba bayan la'asar muke haɗuwa cikin wani aji na makarantar gari. Manyan mutane bisa bencin yara, gwiwa har haɓa. Zaman hwarko kowa ɓangarenshi, ba mai duban wani. Zama na huɗu Gwaggo tab buga benci tac ce ruwan sahe na mata ne, namijin da bai yarda ba shi zo shi ɗauki tulu a gani. Anka yi dariya, har da Ardo. Daga nan magana tas saki. Anka ba shanu ruwan rana, masu lambu na marece. Ardo yan nemi a gina mashaya ta siminti nesa da inda mata ke ɗiba, anka yarda. Gadi kuma anka ce mutum biyu kullum, Bahaushe guda, Bahillace guda.

"Ardo," in ji Maigari wata rana, "in wuta ta zaka sai ka sai ma shanunka firij."

"Ranka shi daɗe, shanu ba su da zahi. Haɓe za mu sa ciki, ko sun huce."

Maigari yay yi dariya har rawaninshi ya goce. Ni ina bakin ƙohwa ina ji awa ni nih haɗa su. Wani ma'aikaci da ke zuwa daga Sabon Birni da hwayil ƙarƙashin hammata yac ce in ƙa'idarmu ta yi kyau ita za a kwaikwaya ga sauran mazaɓu. Mutanen Tozai, can ɓangaren Isa, sun zaka sau biyu sun zauna baya suna saurare. Kuma kamhwanin ya ce za ya koya ma saurayi guda aikin batura da inbata, kowa ya san ni ne. Karon hwarko da nij ji ina son wayewar gari ta same ni wuri guda.

An gama komi sai wurin kahwawa. Da ma an zaɓi wani hili kusa da masallaci. Ruwa yas sauka, Ardo yak kwashi mutanenshi da shanu sunka yi arewa, tsallaken iyaka, awa yadda sunka saba duk damana. Ya tahi da sanin hilin masallaci ne.

Gero ya kai gwiwa sa'adda injiniyar kamhwanin taz zaka, wata mace mai gilashi da takalmin roba. Tad dubi hilin masallaci, tad dubi kuka da gawo da sunka ruhe shi, tac ce nan inuwa ta yi yawa. Ana son wuri buɗaɗɗe, rana tun daga hitowa har hwaɗuwa. Kuma sati biyu za ta jira, in ba a samu ba kayan su wuce ga garin da ke bin mu cikin jeri.

Ranar nig ga abin kunya. Kowa yana da gonar da tad dace, amma ba tashi ba ce.

"Ta Alhaji ta hi kowace shimhiɗa."

"Tawa ta marayu ta, ku dai duba ta Liman."

"Liman za a kora daga gonarshi? Ku ji tsoron Allah."

Sai Malam sakatare yag gyara tabarau yac ce, "Ai akwai hili can bayan gari, ba mai noma shi."

Ba wanda bai san wane hili yake nuhi ba. Gwaggo ce kaɗai tak kira shi da sunanshi. "Wane hili, Malam? Burtali dai."

Injiniya tat tambayi mi ake nuhi da burtali, wani yac ce mata tsohuwar hanya ce. Anka kai ta tag gani. Burtali da damana tahwasa ce da ciyawa har ƙugu, ba sawun komi, in ba ɗan wurin ne kai ba sai ka ce Allah ya manta da shi. Tac ce ya yi daidai. Maigari yac ce gehe kaɗan za a ci, shanu su wuce ta sauran. Sai dai takarda na son yardar Ardo. Anka ƙulla goro cikin ganye, anka ce in hau mashin in kai mai har mashekarinshi, inda yake damana da shanu, in yi mai bayani, in dawo da amsa.

Na kai Burkusuma ranar kasuwa. Wurin mai sai da mai nij ji ana cewa hanyar gaba ba lahiya, shekaranjiya an tare mutane. Daga nan zuwa inda Ardo yake sai na ƙara rabin yini cikin daji. Na tsorata, ban musa ba. Amma ba tsoro kaɗai ba ne. Na ƙosa in koma a hwara aiki, kuma can cikin cikina na san in nit tsaya gaban tsohon nan nic ce burtali, za ya ce a'a.

Ina cikin wanga tunani sai nih hango abokina wurin masu kanwa, yana ciniki awa za ya sayi kasuwar duka.

"Kaɗo, wa ya mutu kaz zaka har nan?"

"Baƙauye, wuta nik kawo maka, ka daina kwana da tocilan cikin baki."

Munka zauna wurin mai shayi. Yat tambayi Inna, yac ce na rame, ko 'yan matan garin sun gano ni ne. Nih hiddo ƙullin nic ce goron Maigari ne zuwa ga Bappa, haka muke kiran Ardo ni da shi. Maganar wurin sola ce, an canza, za a ɗan taɓa gehen burtali.

Yad daina juya shayi. "Gehe nawa?"

"Awa tabarma biyu."

"Tabarmar Haɓe ko ta mutane?"

Nid dake shi ga kahwaɗa, munka yi dariya. Yas sa hannu biyu yak karɓi goron, don ba a mai da hannun aboki, yas sa cikin jakarshi. Yac ce, "Za ni kai mai. Amma ka sani ni ɗan aike ne. Ba ni da baki kan burtali, ko babana bai da shi in Bappa na raye."

Ya hwaɗi haka. Na ji da kunnena. Bisa hanyar komawa nib bar maganar, wani wuri tsakanin Burkusuma da gida.

Na ishe kwamiti na jirana zauren Maigari. Tambaya guda yay yi mani. "Sun karɓi goro?"

Nic ce, "Sun karɓa."

Anka yi hamdala. Mu nan in an kai goro kan magana, ta gona ce ko ta sulhu, anka karɓa ba a maido ba, magana ta ƙare. Ba wanda yat tambayi hannun wa yak karɓa. Gwaggo tad dube ni, tad daɗe tana dubana. Malam yar rubuta cewa makiyaya sun yarda ta hannun ɗan aike, yam miƙo mani biro in sa hannu gurbin Ardo. Ba kullum nike samun inda za ni rubuta sunana ba. Na zauna na tsara shi da kyau, har da ja mai layi ƙasa.

Da anka zo awo, tabarma biyu taz zama wani abu dabam. Alluna suna son sarari, ɗakin batura na son nashi, tanki na son nashi, waya kuma sai ta ba su tazara. Igiyar awo tat tashi daga kan iyakar gonar gero tad dire kan iyakar gonar dawa. Kowa ya gani. Ni nig gina ramukan turakun da hannuna. Wani dattijo yac ce in Hillani sun dawo a san yadda za a yi, wani yac ce Allah ya kai mu, anka ci gaba da kwaɓa siminti. Gadin da anka ce na mutum biyu ne, tunda Hillani ba su nan, anka ba 'yan sa-kai kahin su dawo.

Ba ni ɓoye cewa kwanakin nan sun hi kowane daɗi ga rayuwata. Injiniya ta koya mani karanta lambobin inbata, da gane baturin da ke ja baya, da yadda ake goge allo ba a karce shi ba. Ta ce kaina na ja. Ba wanda yat taɓa ce mani haka, ko malaman da sunka yi shekara takwas suna bugu na. Ranar da ruwa yah hito, Inna ta wanke huska da shi tana ta sa ma kamhwani albarka. Yara sunka koma kirana Injiniya. Sau da yawa nakan ɗauko waya in kira abokina, sai in ce ai can ba sabis, in mai da ta aljihu.

To ga shi kaka ta yi, sun dawo.

Bayan azahar Ardo yaz zaka zauren Maigari da dattawa biyu. Kwamiti duk an hallara, Kawu na tsaye bakin ƙohwa. Anka yi gaisuwa doguwa. Malam yab buɗe hwayil yak karanta wurin da anka rubuta yardar makiyaya, muryarshi na raguwa yana zuwa ƙarshe. Ardo yas saurara har yag gama, kana yaj juyo wurina.

"Ɗana, ka zaka mashekarina?"

"A'a, Bappa."

"Ka gan ni da idonka?"

"A'a."

"To wa kab ba goro?"

Nig gaya mai. Ɗaya daga cikin dattawan yay yi tsaki a hankali, yab ba da sauran labarin. Ashe kahin abokina shi koma daga kasuwa garke ya rabu biyu saboda ƙarancin ciyawa, Ardo ya yi gabas, shi ya tsaya da rabin shanun. Goro ba ya jira. Da yag ga za ya bushe sai yar raba ma mutanen da ke tare da shi, ya aika ma Ardo saƙon baki cewa Haɓe na gaisuwa, suna neman wurin tabarma biyu gehen hanya, in an koma a duba. Ardo ya ce to, in an koma a duba. Yau da labarin wayar da tat toshe hanya yak kai ruga, tun kahin azahar magana ta bazu cewa abokina ya sai da burtali da goro, ya ci, ya ba 'yan uwanshi sun ci. Shi kau yana can baya da nashi garken, kwana biyu tsakani, bai ma san abin da ake cewa ba.

Nan nit tashi tsaye, ba a ba ni izini ba. Nic ce abokina ya gaya mani ba shi da baki kan burtali. Nic ce ni nic ce mai tabarma biyu, alhali ban san ko nawa ba ne. Nic ce da anka tambaye ni nan zauren na san abin da za a ɗauka, nib bari anka ɗauka. Ina magana ina jin idon Kawu bisa ƙeyata.

Maigari yas sunkuyar da kai. Da yaɗ ɗago sai yac ce, "Mu duka mun san burtali na. Yaron ga ya kawo abin da munka aike shi ya kawo."

Na yi zaton daga nan za a gyara. Gwaggo tac ce a yanka ma shanu hanya ta gehen waya, kamu kaɗan cikin gona, a biya mai ita da wani wuri. Anka ce madalla. Gonar wa? Mai dawa yac ce da sahen nan anka tattake mai amhwani, shi kuma za a ce ya ba da ƙasa. Mai gero yac ce tashi gado ce, su bakwai ke da ita, uku suna Legas. Wasan ranar nan yad dawo sabo, kowa na miƙa gonar maƙwabcinshi, sai dai yanzu Ardo na zaune yana kallo. Malam yak kira injiniya, yas sa wayar kowa na ji. Tac ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, amma turaku cikin siminti suke, wayoyin wuta an binne su, aikinsu ya ƙare sun miƙa ma gari. Anka kira ma'aikacin nan mai hwayil, yac ce wurinshi takarda cikakkiya ce, sauran magana ta kwamiti ce, mu da munka rubuta ƙa'ida mu munka san yadda za mu warware. Kawu daga bakin ƙohwa yac ce shi dai an ba shi gadi, saniyar da tat taɓa waya kar a tambaye shi.

Ardo yag gyara zaman malhwarshi. Yac ce, "Ranka shi daɗe, ba mu yi hushi ba."

Wanda yas san Hillani ya san in tsoho ya hwaɗi haka ba sauran magana. Yar roƙi Malam shi cire sunanshi daga kwamiti. Yac ce mashayar da anka gina masu a bar ma jakunan gari, kar ta lalace. Su za su kewaya ta dajin yamma su sauka wani wuri.

"Ardo, dajin yamma?" in ji Maigari. "Ko masu itace sun bar shiga. Ka zauna mu sake magana, don girman Allah. Ka ba ni sati guda."

"Shanu ba su cin sati, ranka shi daɗe. Ciyawa suke ci."

Yat tashi, yab bi kowa da hannu, har ni. Tahin hannunshi busasshe, bai matse nawa ba.

Ba a kore ni ba. Na so a kore ni. Amma duk garin ni kaɗai nis san abin da za a taɓa in inbata ta yi kuka, don haka makulli na nan aljihuna. Da munka hito Kawu yaj ja ni gehe yac ce, "Kai da hwarko ka yi aikin hankali, yau kaɓ ɓata. Wa ya aike ka tona? Da ka yi shiru da laihin na ɗan Hillani ne, a wuce wurin." Wasu samari kuma sun riga sun hwara cewa da ma ni ɗan leƙen asirin ruga ne. Malam ya gaya mani yana kaɗa kai cewa mutanen Tozai sun karɓi kwahin ƙa'idarmu tun watan jiya, da sa hannuna da komi, suna ta yabon yadda munka haɗa kai.

Wanshekare da sahe na tahi goge alluna don aikina ne. Ruwa na zuba, mata na dariya, injin niƙa na kuka. Komi na aiki daidai. Daga bisa tsani nih hangi bayan gari inda bukkokin Hillani kan tsaya, ba ko guda. Da rana tay yi na buɗe ma mashaya ruwa awa yadda ƙa'ida tac ce, tac cika, ba abin da yaz zaka sha. Na ruhe.

Abokina nike tunani. Yana tahe da shanu, ba wanda za ya tare shi da gaskiya. In ya biyo burtali Kawu za ya isko. In ya ji Bappa ya yi yamma za ya bi shi, da 'yan yara biyu da sanda. Na hau mashin na tahi wani tudu arewacin gari inda ake kama layin Nijar. Rubutu ba ya yi mani sauri, shi kuma ba ya karantawa, don haka murya nid danna. Sau uku ina gogewa. Na huɗun ne nit tura, rana tsaka, ga abin da nic ce:

"Salamu alaikum. Ni ne. Ka saurara har ƙarshe kahin ka kashe. Kar ka biyo burtali, an toshe shi gaba ɗai, daga gona zuwa gona, kuma akwai masu bindiga ciki. Ƙarya nig gaya maka ranar kasuwa. Mutanenku suna cewa kai kas sai da hanya. Na tashi gaban Bappa da Maigari na hwaɗi cewa ka gaya mani ba ka da baki, dattawa biyu sun ji, ka tambaye su. Ban san ko ya isa ba. Bappa ya yi dajin yamma jiya da la'asar, har yanzu ba wanda yaj ji labarinsu. Don Allah kar ka bi shi da yaran nan. Ka tsaya inda kake kwana biyu, za ni sake zuwa wurin Maigari da Gwaggo kan gonar nan, ko da yake ban ga alamar za a ba da ba. In ka tambaye ni hanyar da za ka bi, ban sani ba. Na duba duk ban ga ko guda ba. In saƙon ga ya same ka, ko zagi ne ka aiko mani, in dai san kana lahiya."